Ƙasar Gindin Fayin

Litinin, 12 ga Afrilu 1999, ƙarfe shida na yamma

Ilimi abu ne mai kyau. Na sa shi a layin farko don kada gobe wani ya buɗe littafin nan ya ce Benson baƙin ciki yake yi da masu digiri. Ina! Ni da na taɓa aji uku a sakandare kafin in faɗa kasuwa sayar da tumatir? Yau ma ilimi ya ƙara mini haske. Shekara goma sha huɗu ina renon dashen gwandar daji a lambun Baba Alexander nan Kamazou, ban san baiwar Allah tana da sunan baftisma ba. Ashe Annona senegalensis ake kiranta.

Scholastica ce ta wayar mana da kai, yarinyar da Baba ya ɗauko daga jami'a wata huɗu da suka wuce. Ta samo falanki ta shafe shi da farin fenti ta kafa a bakin ƙofa, wai don kwastomomi su ƙaru. Hagu, fayin, itacen nan mai ganye kamar allura da mutane ke kira itacen Kirsimeti, wanda ita take reno. Dama, gwandar dajina. Na kwafe, kada in mutu jahili:

Masarauta: Plantae / Plantae
Sashe: Pinophyta / Magnoliophyta
Aji: Pinopsida / Magnoliopsida
Layi: Pinales / Magnoliales
Dangi: Pinaceae / Annonaceae
Zuri'a: Pinus / Annona
Suna: Pinus caribaea / Annona senegalensis

Matakai bakwai, a na farko kaɗai suka gaisa. Kamar mutum biyu da suka shiga bas ɗaya a unguwar Television, ɗaya ya sauka tun kafin kwandasta ya rufe ƙofa.

Malam Isiyaku mai ban ruwa ya ajiye garwarsa ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "To Malama, a cikinsu wane ne babba?"

Ta ce, "Fayin, Baba Isiyaku. Danginsa suna duniya tun kafin a fara yin fure. Shi ba ya fure, ba ya 'ya'yan ci, irinsa a fili yake. Gwanda kuwa tana ɓoye nata a cikin tsoka."

Na ce, "Wato ya riga kowa zuwa, har yau bai ba kowa komai ya sa a baki ba."

Ta yi dariya. Tana da dariya mai kyau, wannan ma na rubuta.

Laraba, 14 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Baba ya leƙo minti goma. Tun da ya ci kujerar kansila ba ya zama, daga taro sai taro, ya fara sa babbar riga ko ranar Laraba. Ya tara mu a inuwa ya ce ran ashirin da tara ga Mayu, ranar da sojoji za su miƙa mulki, shi ma zai miƙa makullin lambu, don ba zai iya riƙe ofis da garwa ba. Bai ce wa zai ba ba. Amma yana maganar yana kallon allon nan, har ya sa tabarau ya karanta Magnoliophyta da ƙarfi, kamar sunan jikarsa.

Ni bai sa tabarau ya kalle ni ba. Ya san fuskata, shekara goma sha huɗu.

Na riga na faɗa wa matata Eunice tun Kirsimeti cewa lambun nawa ne. Ita kuma ta faɗa wa zumuntar mata, wato ta faɗa wa Kaduna.

Alhamis, 15 ga Afrilu, da safe

Dashen fayin ɗari huɗu Scholastica take reno, na wani sabon Honorabul ne da ke son ya zagaye katangarsa da su kamar gidan Turawa. Sun yi layi cikin baƙaƙen leda, kowane layi da ɗan katinsa. Tsaf-tsaf. A watan Maris, kafin ta cika ledojin, sai da ta gasa ƙasar a cikin rabin duro, kwana biyu ana hura wuta, wai don a kashe ƙwayoyin cuta. Haka aka koya musu. Na tsaya na ga hayaƙin yana tashi.

Ba wanda ya tambaye ni.

Asabar, 17 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Wata Hajiya ta zo daga Tudun Wada neman dashen lemo. Ni na tare ta, ni na san yadda ake magana da mai mota, na yabi takalminta, na zagi tsadar fetur, ta kusa buɗe jaka. Sai ta hango allon. Minti ashirin tana tsaye tana sauraron lacca. Ta tafi da lemo shida da alkawarin za ta kawo 'yarta ta ga "Malamar nan mai ilimi". Da za ta shiga mota ta ce mini, "Yaro, sa min a but."

Yaro. Furfura ta fito mini a gemu tun zamanin da ake cewa soja sun kusa tafiya karo na biyu.

Talata, 20 ga Afrilu, da rana

Dashen fayin ɗin sun fara rawaya daga baki. Kaɗan. Sai wanda ya san abin da yake nema zai gani.

Juma'a, 23 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

An yi ruwan farko mai ƙarfi jiya. Gwandata ta ɗago kai kamar an biya ta albashi. Wannan ita ce shuka. Wuta ta cinye ta a daji, ta tsiro daga saiwa. Akuya ta ci, ta tsiro. Ba wanda ya taɓa kawo ta daga ƙetare cikin jirgi, ba wanda ya ba ta kati. Mutanenmu na kudu da suka daɗe a birni su ne ke saye, su dasa a bayan gida don 'ya'yansu su san ɗanɗanon abin da muka ci muna kiwo. Kwastomomina ba su da katanga mai tsawo, shi ke nan laifinsu.

Scholastica ta ƙara wa fayin taki. Ba taki ba ne.

Abin da ke bayan rumfata, ƙarƙashin buhunan nan, ba ruwan kowa da shi. Ranar da ta cika ledojinta ta ware tsiro guda arba'in ta ce sun yi rauni, a zubar. Abin da aka zubar ai ba shi da mai shi.

Lahadi, 25 ga Afrilu, bayan coci

Fasto ya yi wa'azi a kan Kayinu da Habila. Eunice ta taɓa ni da gwiwar hannu don in daina gyangyaɗi. Ba gyangyaɗi nake ba. Tunani nake, Kayinu ma manomi ne, kuma shi ya riga zuwa.

Laraba, 28 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Scholastica ta rage ruwa. Ta ƙara inuwa. Ta cire inuwa. Ta kawo wani littafi mai kauri kamar bulo ta zauna a kan duron da ta gasa ƙasa tana juya shafi. Yau ta zo har rumfata.

"Oga Benson, don Allah, ko akwai abin da na manta?"

Na ce, "Sista, ke da kika san sunan kakan kakansu har mataki bakwai? Ni ɗan tumatir ne. Ki kira su da sunan Latin ɗin, wataƙila ba sa jin Hausa."

Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce, "Na gode," ta koma.

To. Ta tambaya, amma ba ta tambayi abin da ya kamata ba. Mutum ya zo kasuwa ya ce "ko akwai wani abu?" me za ka auna masa?

Asabar, 1 ga Mayu, da safe

Goma sha ɗaya sun bushe.

Talata, 4 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tun da littafi ba ya zuwa zumuntar mata.

A kusurwar lambu akwai tsohon fayin guda ɗaya, ya fi sandar lantarki tsawo. Baba ya dasa shi a Oktoban saba'in da tara, ranar da soja suka miƙa mulki wancan karon, lokacin yana aikin gandun daji. Shekarata ta farko a nan, ya kama ni ina cika ledar fayin da ƙasar bakin rafi. Ya ja ni da kunne har gindin itacen nan, ya tona da yatsa, ya nuna mini wani farin zare a jikin saiwoyin, siriri kamar saƙar gizo-gizo, dangin laimar kwaɗi ne. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi ke ciyar da shi. Ƙasarmu ba ta da shi, tare da itacen aka kawo shi. Kowace leda, cokali biyu na ƙasar gindin tsoho. In ka manta, za su tsiro, su yi maka murmushi wata biyu, su mutu."

Rabonmu da renon fayin shekara tara, kafin zuwan Malam Isiyaku. A lambun nan mutum biyu ne suka san zancen cokali biyu. Ɗaya yana wurin ɗinkin babbar riga.

Ita kuwa ko da zaren ya shigo ƙasarta bisa kuskure, ta gasa shi kwana biyu.

Alhamis, 6 ga Mayu, da rana

Na ɗaga buhu na leƙa. Kore shar. Arba'in ɗin nan da aka ce marasa ƙarfi. Ran ashirin da tara zan jera su a gaban Baba, ba zan ce uffan ba. Ya sa tabarau ya karanta.

Litinin, 10 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Malam Isiyaku ya zauna kusa da ni bayan ya yi la'asar, yana ɓare goro. Dattijo ne, daga Makera yake takowa kullum in mota ta yi wuya.

"Benson, yarinyar nan ba ta cin abinci."

"Ta ci littafi."

"Uwarta ke sayar da kunu a Trikania, ka sani? Da kunun nan aka yi digirin."

"Ni ma uwata ba minista ba ce, Malam."

Ya tauna goro ya daɗe. Ya ce, "Ruwan da nake zubawa a bayan rumfarka kullum, ciyawa nake shayarwa?"

Na ce masa barkono ne. Ya ce bai taɓa ganin barkono mai allura ba, amma duniya ta canza, tun da har soja ya yarda zai koma bariki. Ya ɗauki garwarsa.

Laraba, 12 ga Mayu, da safe

Direban Honorabul ya zo dubawa. Ya zagaya layin, ya tsotsi haƙori, ya tafi. Ta bi shi har mota tana bayani. Na ga bayanta daga nesa, kafaɗun sun sauka.

Ban ji daɗi ba. Ban ji rashin daɗi ba. Na yi wa gwanda ciyawa.

Asabar, 15 ga Mayu, da yamma

Eunice ta sayi atamfa ta ranar miƙa makulli, ta ce in je tela ya auna ni. Na tafi. Tela ya ce na rame.

Talata, 18 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Sun haura ɗari da suka mutu. Na daina ƙirgawa, Scholastica ke ƙirgawa, tana cire katin kowane layi da ya ƙare tana sawa a aljihu.

Ruwan sama ya fara wanke allon. Gefen fayin ne ya fi zuba, Pinopsida ta koma Pino. Gefena yana nan daram. Ban taɓa shi ba, na rantse, ruwa ne.

Abin da ke ba ni haushi da ita, ba ta da mugun hali ko ɗaya da mutum zai riƙe. Da tana da girman kai, da na huta. Jiya ta kawo mini kunun uwarta a jarka. Na sha. Yana da daɗi. Wannan ma ya ba ni haushi.

Juma'a, 21 ga Mayu, da rana

Ba wanda ya tambaye ni.

To, a watan Fabrairu, ranar da aka kawo irin, Baba yana shiga mota ya ce, "Benson, ka nuna mata yadda muke yi." Injin yana kunne. Mutum yana iya cewa bai ji ba.

Litinin, 24 ga Mayu, ƙarfe takwas na dare

Iskar hadarin da aka yi da rana ta kwashe buhunan.

Na dawo daga kai wa wani kwastoma mangwaro na same ta durƙushe a bayan rumfata. Ta fasa leda ɗaya, saiwar tana tafin hannunta, farin zaren ya lulluɓe ta. Littafin bulo yana buɗe a ƙasa, ruwa yana ɗiga a kai ba ta kula ba.

Na shirya ƙarya uku a hanya tsakanin ƙofa da rumfa. Ko ɗaya ba ta nema ba.

"Maikoraiza," ta ce, wato sunan zaren ke nan a littafi. "Oga Benson, mun yi shi a aji uku, shafi ɗaya ne, na haddace na ci jarrabawa na manta. Ni da hannuna na ƙone shi." Sai ta ɗago, idonta ya yi ja. "Daga ina ka ɗebo ƙasar?"

Na nuna tsohon itacen da haɓa.

Ta tashi da gudu ta ɗauki cokalin abincinta. Har magariba ita da Malam Isiyaku suna bin ledojin da suka rage, cokali biyu, cokali biyu. Ba ta tambaye ni tun yaushe na sani ba. Na tsaya ina jira ta tambaya, don ina da amsa. Ba ta tambaya ba.

Daga baya na ɗauko nawa cokalin. Hannu uku ya fi sauri, shi ke nan dalili.

Alhamis, 27 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Baba ya zo. Kafin in buɗe baki ta ja shi bayan rumfa.

"Baba, ka ga aikin Oga Benson. Waɗanda na zubar ne ya gwada su da ƙasar gindin tsohon. Ba don gwajinsa ba, da ko ɗaya ba za mu tsira da shi ba. Laifin nawa ne, ni na gasa ƙasa."

Gwaji. Da zuciya ɗaya ta faɗa, ko da zuciya biyu, har yanzu ban gane ba. In da biyu ne, to yarinyar nan ta fi ni iya kasuwa.

Baba ya tattare babbar riga ya tsuguna. Ya ɗebi ƙasar leda ya shinshina. Bai sa tabarau ba.

"Gwaji," ya ce. "Benson, wace rana ka yi gwajin?"

"Ba na riƙe rana, Baba."

"Kai? Kai da ka riƙe ranar da kowane kwastoma ya zage ka tun tamanin da biyar?"

Ya juya wurin Malam Isiyaku. Malam ya kalli garwarsa ya ce shi dai tun kafin Ista yake zuba ruwa a wurin, kuma ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba.

Baba ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya tambaya nawa suka mutu. Ta ce ɗari da tamanin da shida, kuma Honorabul ya aiko cewa ya samu a wani wuri. Baba ya ce to. Ya kakkaɓe hannu. To kawai.

Asabar, 29 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Tun safe rediyon Malam Isiyaku ke rataye a reshen tsohon fayin, ana ta fareti da rantsuwa. Ko'ina a Kamazou mutane sun taru a gaban talabijin. Eunice ta zo cikin atamfarta, ni cikin tawa, kamar masu zuwa ɗaukar hoto.

Baba bai yi dogon jawabi ba. Ya ciro makullin ya sa a hannun Scholastica. Ta ce, "Baba, ni?" Ya ce, "Ke kin yi kuskure, kin faɗa da bakinki. Za ki iya koyo."

Sai ya ce in ɗauko masa biyu daga cikin arba'in ɗin, zai dasa a ƙofar ofis don tunawa da ranar. Na kai su mota na buɗe but. Akwai allo kwance a ciki, na ƙarfe, aikin mai fenti na gaske, kore da fari. LAMBUN ALEXANDER, KAMAZOU. A ƙasa: MANAJA, BENSON.

Baba yana tsaye a bayana.

"Tun Janairu yake nan," ya ce. "Ita na ɗauko ta ne ta riƙa yi maka takardu da sunayen nan da manyan mutane ke so. Matsar da shi gefe, kada ƙasa ta ɓata shi." Na kai hannu, sai ya ce, "Ko bar shi ma."

Na ɗora ledojin a kai. Daidai kan sunan suka zauna.

Muka koma gida ni da Eunice. Ta ninke atamfar ta sa a ƙasan akwati.

Lahadi, 30 ga Mayu

Ban je coci ba. Ciwon kai.

Litinin, 31 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Na zo kwashe kayana, na tarar ta riga ni. Ta sake fentin allon falankin, matakai bakwai sun dawo cif, har yanzu a na farko kaɗai suka haɗu. Fayin ɗin da muka bi da cokali ba su mutu ba, ba su kuma yi kore ba tukuna. Suna tunani.

"Oga Benson, kada ka tafi," ta ce. "Ba zan iya kwastomomi ba, kai ma ka sani. Kuma ina so mu ƙara gwandar daji, ɗari biyu. Wannan karon ni zan shuka da hannuna, in koya."

Ga ta can yanzu ina hango ta daga rumfa, ta jera ledoji, ta zuba ƙwallayen a faranti, ta buɗe littafin bulo. Na san abin da ke ciki, dangi da zuri'a da launin fure. Ba a rubuta cewa ƙwallon gwandar daji taurin kai gare shi ba. In ba a goga bakinsa a kan dutse an jiƙa shi kwana guda ba, zai kwanta a leda wata da watanni yana barci, rabi ma ba za su farka ba. Wannan ba Baba ne ya koya mini ba, ni na gano da kaina, ba wanda ya sani duk lambun nan.

Dutsen yana aljihuna, tun ɗazu nake juya shi. Ta ɗauki ƙwallo na farko.

Ba ta tambaye ni ba tukuna. In kai ne, taku nawa ne daga rumfar nan zuwa wurinta?